Babur Mai Kamar Na Da a Titunan Kumasi: Sabo, Babban Na Hannu, ko Wanda Za a Ƙera Maka a Magazin?

Hotunan da samarin Aboabo da Asawase ke tura wa juna a WhatsApp kwanan nan kusan duk iri ɗaya ne. Babur mai zagayayyar fitila guda, tanki mai siffar ɗigon ruwa, miƙaƙƙen sirdi ruwan ƙasa, wili mai wayoyi, injin kuma a fili, ba robar da ta lulluɓe shi. Kai ka rantse daga ɗakin ajiyar kakan wani aka turo shi, alhali jiya-jiya aka zana shi a kwamfuta. Wanda sha'awar ta kama da gaske, kuma ya tara ɗan abin da ya tara, hanya uku ce a gabansa a garin nan: ya sayi sabon matsakaici daga kamfani, ya sayi babba na hannu da aka sauke a Tema, ko ya kai ƙaramin babur Magazin, unguwar makanikai ta Suame, a sake masa kama. Akwai ta huɗu da wasu ke zaton hanya ce, ita zan fara kawarwa.

Da yawa daga cikin hotunan nan ba na sayarwa ba ne. Baburan nuni ne, waɗanda kamfani ke ƙera guda ɗaya tak ya kai bajekoli, irin EICMA da ake yi a Milan duk watan Nuwamba, don ya ji bakin jama'a kafin ya zuba kuɗi. A watan Mayun 2019 BMW ta nuna Concept R18 a bakin tafkin Como na Italiya. Ta kwaikwayo R5 ɗinta na 1936, baƙi wuluk da farin zare a jikin tanki, har da kabireta biyu na Solex. Da aka zo sayarwa a 2020, kabiretar ta ɓace, injekta ta maye gurbinta, salansa ta kumbura, aka liƙa madubi da sigina da wurin lamba, nauyi ya tsaya a kilo 345. Ka yi tunanin juya wannan a tsakiyar Kejetia. Husqvarna ma ta nuna Vitpilen da Svartpilen 401 a 2014, masu sha'awa suka yi ta jira har 2018 kafin su shigo kasuwa, da injin KTM 390 Duke a ciki. Babur ɗin nuni kamar rigar da tela ya ɗaura wa gunkin shago ne, ya kama bayanta da allurai: daga gaba ta zauna ɗas, amma ba wanda zai iya ruku'u a cikinta. Amfaninsa a gare ka ɗaya ne, ya nuna maka siffar da ranka ke so. Kada ka tura wa kowa ko sidi ɗaya a kan hoton da ba ka ga irinsa da lamba a titi ba.

Waɗanda ake sayarwa kuwa, tsufansu a fuska ne kawai, kuma doka ce ta jawo haka. Ƙa'idar Euro 4 da ta fara aiki a Turai a 2016 ta matse hayaƙi, ta kuma wajabta birkin ABS, mai hana taya kullewa in an taka birki, a kan duk babur da ya haura cc 125. Indiya ta bi da tata, BS6, a watan Afrilun 2020. Shi ya sa in ka durƙusa gefen Triumph Bonneville T120 na 2016 zuwa yau, za ka ga wani abu sak kabiretar Amal ta shekarun 1960, da murfinta da komai, amma buɗe shi ka ga injekta da wayoyi. Injin na da haƙarƙarin sanyaya iska irin na da, ga kuma siririn lagireto an ɓoye tsakanin ƙarafan gaba. Makanikin da bai sani ba zai ɗauko sukudireba yana neman inda ake daidaita mai. Don haka tambayar da ta fi kowace a nan Kumasi ita ce: abin da ke ƙarƙashin fentin nan, wa ya san shi a garin, kuma in ya lalace kwana nawa kayansa za su yi a hanya?

Bari mu fara da matsakaita, don a nan gardamar ta fi zafi. Uku ne ake yawan ambata: Royal Enfield Classic 350, Honda CB350 da Triumph Speed 400. Dukansu a Indiya ake ƙera su.

Classic 350 shi ne ya fi cancanta da kamar da yake yi. Kamfanin ya fara babur a Redditch ta Ingila a 1901, aka kafa reshen Madras ta Indiya a 1955 don haɗa babur ɗinsu mai suna Bullet, masana'antar Ingila ta rufe, ta Indiya ta ci gaba, har kamfanin Eicher na Indiya ya karɓe ta a 1994. Ba aron tarihi ya yi ba, nasa ne. Wanda ake sayarwa yanzu an sake shi tun daga tushe a watan Satumban 2021: cc 349, silinda ɗaya, ƙarfin doki 20, ƙarfin ja Nm 27 a juyi 4,000, giya biyar, tanki lita 13, nauyi kilo 195. Ka lura da lambobi biyun nan, doki 20 da kilo 195. Ma'anarsu babur ne mai nauyi kuma ba ya sauri. A kan hanyar Ejisu zuwa Konongo zai zauna maka a kilomita 80 ko 90 cikin natsuwa, yana bugawa dum-dum-dum, amma in ka zo wuce tirela mai tafiya 90 sai ka yi lissafi tukuna, don ƙarshen gudunsa bai wuce 115 da wani abu ba. A cikin gari kuwa, daga Anloga Junction zuwa Oforikrom da yamma, inda tafiyar ta giya ɗaya ce da biyu, ƙarfin nan na ƙasa-ƙasa yana da daɗi, ba sai ka yi ta murɗa ba. Tayar gaba inci 19, ta baya 18, tsakaninsa da ƙasa milimita 170, saboda haka tudun rage gudu da ramukan bayan Sawaba ba sa tayar masa da hankali. Iska da baƙin mai ke sanyaya injin, bawul biyu ne, kuma da noti ake daidaita su, aikin da duk masta mai hankali a Suame zai iya in an ba shi awon. Abin da zai ba tsofaffin mahaya haushi shi ne an cire kik. Baturi ya mutu, sai turi, kuma tura kilo 195 a hawan Manhyia ba wasan yara ba ne.

Ƙaninsa Hunter 350, na 2022, injinsu ɗaya, ya fi sauƙi da kilo goma sha wani abu, tayoyinsa inci 17, kuma ya fito da tazarar milimita 150 kacal daga ƙasa. Ya fi saurin kutsawa tsakanin trotro da pragya, wato keken fasinja mai ƙafa uku, amma da mutum biyu a kai cikinsa zai riƙa gaisawa da tudu.

Honda ta fito da CB350 a 2020 don ta ƙwace wa Enfield kasuwa, kuma ba ta ɓoye ba. A Japan sunansa GB350. Cc 348, doki 21, Nm 30 a juyi 3,000 kacal, kilo 181, tanki lita 15. A takarda ya doke Classic kusan ko'ina: ya fi sauƙi, ya fi ja, ya fi ɗaukar mai, kulochinsa ya fi taushi, yana da na'urar hana tayar baya sulɓi, wilinsa na alminiyom ne mara tub. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Ƙusa ta shiga taya mara tub, mai faci zai toshe maka ita a tsaye cikin 'yan mintoci. Ta shiga mai tub, sai an kwance wili, kuma iskar fita take yi gaba ɗaya, wani lokacin kana cikin gudu. Classic ma akwai mai wilin alminiyom, sai dai wanda ya zo don kamar na da, mai wayoyin yake so, kowa kuma ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Inda CB350 ya gaza a wurina shi ne giyarsa doguwa ce, a cunkoso ƙafar hagu ba ta hutawa. Sannan kada sunan Honda ya ruɗe ka. Kayan ƙaramin Honda CG da suka cika shagunan Alabar ba sa shiga wannan injin. Filtarsa, takalmin birkinsa, famfon mansa, duk nasa ne daban.

Speed 400 wani jinsi ne. Triumph ta zana, Bajaj ke ƙerawa a Chakan tun 2023. Cc 398, doki 40, ninki biyu na waɗancan, Nm 37.5, giya shida, kilo 170 da 'yan kai. Ruwa ke sanyaya shi, bawul huɗu, totur ɗinsa ma ba waya ce ke jan sa ba, na'ura ce. Shi kaɗai a cikin ukun zai yi Kumasi zuwa Accra, kilomita kusan 250, ya wuce manyan motoci a hawan Nkawkaw ba tare da ka yi ta salati ba. Kamfanin ya ce sabis duk kilomita 16,000, amma ba a ƙurar hunturun nan aka yi wannan lissafin ba, ni dai ba zan bar baƙin mai da filtar iska su kai haka ba. Matsin injinsa 12 ne bisa 1, na Classic da na Honda 9.5, saboda haka ya fi su zaɓen mai. A gidajen man gari ana samun mai lamba 91 da 95, ba matsala. Matsalar tana ƙauye, inda man kwalba ne kawai a bakin hanya. Datti ko ruwa kaɗan ya isa ya kashe famfon mai ko ya toshe injekta, kuma wannan ya shafi duka ukun, sai dai shi ya fi shafa. In fitilar injin ta kama a Kintampo, sai mai kwamfutar da ta san harshensa. Ga kuma kamarsa: zagayayyar fitila da tanki ne kawai na da, sauran duk ɗan zamani ne. Ɗan'uwansa Scrambler 400 X, mai tayar gaba inci 19 da shoka mai tafiyar milimita 150, shi ya fi dacewa da jan titin Kenyase da Buokrom, in dai ƙafarka na kaiwa ƙasa daga sirdin milimita 835.

In a cikin ukun nan aka ce in zaɓa wa mai zirga-zirgar cikin gari da ɗan zuwa Abono bakin tafkin Bosomtwe ran Lahadi, Classic zan ce, saboda sauƙin injinsa da kuma yawan kayansa a kasuwar Indiya, na kamfani da na bayan fage. Mai yawan doguwar tafiya, Tamale ko Accra, ya ɗauki Triumph. Honda tana tsakiya, ba ta da aibin kirki, ba ta kuma motsa zuciya. Amma duk wannan hukunci yana rushewa in mai sayarwa ba shi da kaya. Kafin ka biya, ce ya nuna maka filtar mai, takalmin birki, wayar kulochi da sarƙa da sifoket a kan kanta, ka taɓa su da hannunka. "Za mu yi oda" ba amsa ba ce.

Wani ɗan abu da ke zuwa da baburan kasuwar Indiya: ragar ƙarfe a gefen hagu na tayar baya, wadda dokarsu ta wajabta don kada sari ya shiga wili. Samari na cire ta ranar farko wai tana ɓata ado. In kana ɗaukar maiɗakinka da abaya, ko kai kanka kana hawa da jallabiya ran Juma'a, bar ta inda take.

Manyan na hannu su ne ke sa mutum ya kasa barci. Bonneville T100 mai cc 900 ko T120 mai 1200, Kawasaki W800, Z900RS da ya kwaikwayo Z1 na 1972, Yamaha XSR700, BMW R nineT da aka fitar a 2013. Wani ɗan'uwa a Hamburg ko Bronx zai turo hoto ya ce ya samu da araha, kuma gaskiya yake faɗa, a can araha ne. Sai a ɗora kuɗin jirgin ruwa, kuɗin fito a Tema, na ejan, na ɗauko shi zuwa Kumasi, sannan a fara maganar abin da ya sa mai shi na farko ya rabu da shi. Da yawa daga gwanjon inshora suke, sun taɓa faɗuwa. Fenti na rufe tanki, ba ya miƙar da firem.

A ce ma lafiyayye ne. T120 na da doki 80 da kilo 236. Ina za ka kai su? Daga Asawase zuwa Adum ba za ka ga giya ta uku ba, zafin injin yana dukan cinyarka, fanka na kuka, man da ƙaramin babur zai yi sati da shi ya tafi a kwana uku. Tayoyinsa faffaɗa ne masu tsada, kuma lambar da kake nema ba lallai ka same ta a Suame ba, wani lokacin har Abossey Okai, kasuwar kayan gyara ta Accra, sai an jira. A cikinsu W800 ya fi sauƙin kai: cc 773, iska ke sanyaya shi, ba ya da zafin rai, kuma shi ne ya fi kama da baburan Ingila na da, har ya fi na Ingilan na yanzu. XSR700 kuwa injin MT-07 ne cc 689 aka sa wa zagayayyar fitila, kuma da yake an sayar da wannan injin da yawa a duniya, kayansa sun fi saukin samu. Wannan rukunin na mai mota ne, wanda babur ɗin zai iya kwana wata guda a rufe yana jiran sensa daga Jamus ba tare da yara sun fasa zuwa makaranta ba. In shi kaɗai ne abin hawanka, ka wuce kawai.

Hanya ta uku ita ce aka fi rainawa, kuma ita na fi so a tsaya a kanta. Ƙananan baburan da suka cika Zango, Haojue da Apsonic da Sanya da sauransu, yawancinsu jikokin injina biyu ne: Honda CG125 na 1975 da Suzuki GN125 na 1982. Wato abin da Turawa ke biyan kuɗi a kwaikwaya musu, mu shi muke hawa zuwa kasuwa. CG ma da gangan aka yi shi don irinmu. Injiniyoyin Honda sun zaga ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a 1974, suka ga ana ɗora wa babur mutum uku da kaya, ba a juye baƙin mai sai injin ya yi ƙara, suka koma suka zana injin mai sandar tura bawul wanda ke jure wulaƙanci, da filtar soso da ake wankewa a mayar. Har yau ana ƙera shi a Pakistan kusan yadda yake. GN kuwa da zagayayyar fitilarsa da tankinsa mai ɗigon ruwa da madigadin ƙarfe ya fito. Kabireta ta gaske, kik na gaske, doki 11 ko 12, kilo ɗari da 'yan kai, lita ɗaya ta kai ka kilomita 40 ko fiye. Fulogi, fiston, ring, kwayil, duk yaron shago zai miƙo maka ba tare da ya tashi daga benci ba.

Na tsaya a wata rumfa a Magazin ana yi wa wani GN wannan aikin. An tuɓe shi saura firem da injin. Mai walda ya yanke wutsiyar firem daga bayan inda shoka ke kamawa, ya lanƙwasa bututu a jikin tsohon wili ya zama rabin da'ira, ya zura guntun ƙarfe cikin bakin biyun kafin ya haɗa, don kada waldar ta tsaya a fatar waje kawai. Yaronsa na gefe yana sassaƙa soso da ruwan zarto, yana ɗorawa a kan farantin sirdi yana saukewa. Mai babur ɗin, saurayi ne, ya miƙo waya yana nuna hoto.

"Masta, madigadin gaban ma a cire, kamar na nan."

"Ɗana, wannan hoton a ƙasar da ba jar laka aka ɗauke shi. Bari Yuni ta zo ka bi ta Aboabo, ka dawo ka faɗa min."

Aka rage madigadin, ba a cire ba. Gaskiyar mastan ta wuce maganar laka ma, domin a ƙananan baburan nan ƙarfen madigadin gaba yana taimakawa wajen riƙe ƙafafun shoka biyu, in aka cire kan babur yakan yi rawa a kwana.

A nan ne ya kamata mutum ya tace abin da yake kwaikwaya. Salon da aka fi turawa a waya, mai hannuwa ƙasa-ƙasa da sirdin mutum ɗaya mai tozo, daga samarin Landan na shekarun 1950 da 1960 ya fito, masu taruwa a Ace Cafe suna neman mil 100 a awa, wato kilomita 160, a kan kwalta mai santsi. Sun kwanta a kan tanki ne don iska. Kai da za ka yi tafiyar kilomita 25 a awa a bayan aboboyaa, keken kaya mai ƙafa uku, kwanciyar ba ta ba ka komai sai ciwon wuyan hannu da na baya, ga kaftani na tattarewa, ga ba wurin ɗaukar kowa. Filtar nan mai kamar kofi da ake maƙalawa a bakin kabireta bayan an jefar da akwatin iska, kyau gare ta, amma damina biyu muke yi a Kumasi, ta Afrilu zuwa Yuli da ta Satumba zuwa Nuwamba, tana shan ruwa injin ya riƙa shaƙewa, da hunturu kuma ƙura ta wuce ta cinye ring. Ƙyallen da ake naɗe wa bututun hayaƙi yana riƙe danshi, tsatsa ta ci ƙarfen daga ciki. Salansar da aka fasa kuwa, ban da maƙwabta da masu sallar asuba, tana canza yadda injin ke shan mai, in ba a sake jet ɗin kabireta ba bawul ya ƙone. Tayoyi masu manyan ƙuraje suna kyau a hoto, a jiƙaƙƙiyar kwalta ba sa kamu.

Abin da ya dace da mu daga na da shi ne ɗaya salon: hannu mai faɗi a tsaye, miƙaƙƙen sirdi da zai ɗauki mutum biyu ko tukunyar gas, madigadin ƙarfe, zagayayyar fitila da in ta fashe ko'ina akwai irinta, fenti kala ɗaya da siririn zare a tanki. Wannan ba ya bukatar a yanka komai. Mai fenti, mai ɗinkin kujera da mai wayarin sun isa. In akwai ragowar kuɗi, a sa su inda ba a gani: birkin gaba mai faranti in naka na ganga ne, tayoyi masu suna, shokar baya ta kirki, fitila mai haske.

Aibin wannan hanyar ba ɓoyayye ba ne. Duk adon da aka yi, doki 11 ne. Hawan Mampong da mutum biyu sai giya ta biyu, tafiyar Accra kuwa wuni ce, kana gefen titi manyan bas na kaɗa ka da iska. Ba ABS, kuma a ranar da pragya ya yanko maka a kan jiƙaƙƙen titi, ABS ɗin nan na Classic ko Honda ya fi duk wani fenti daraja. Kuromin baburan China ba ya jure damina kamar na Japan. Sannan ranar sayarwa, GN ko Boxer da ba a taɓa ba zai tafi kafin la'asar, wanda aka yanke wa wutsiya kuwa sai an samu mai irin idonka, kuma ba zai biya ka kuɗin aikin ba. Shi ya sa nake cewa duk abin da aka kwance, sirdi da fitila da hannu, a ɗaure a buhu a ajiye.

Ga yadda nake raba su. Mai babur ɗaya, wanda da shi yake zuwa shago, ya kai yara makarantar allo, ya ɗauko Hajiya daga asibiti: GN ko CG mai cc 125 ko 150, a yi masa ado mara yanka. Wanda ke da abin da ya fi haka, yana son nauyi da ƙarar babur na gaske da birkin zamani, kuma ya ga kaya a kanta da idonsa: Classic 350, ko Honda in ita ya samu da mai tsaya mata. Mai doguwar hanya: Speed 400 ko Scrambler ɗinsa. Manyan na hannu, sai Alhajin da ke da mota a gida da ɗa a Turai. Wanda kuma don hawan Sallah kawai yake so, ya bi gangara zuwa Manhyia a gan shi, to kwana biyu ne a shekara, sauran kwanakin baturi na mutuwa mai na tsami a tanki. Ya yi wa ƙaramin fenti ya huta.

Kowanne ka ɗauka, takarda kafin kuɗi. Lambar da ke jikin wuyan firem da ta injin su yi daidai da abin da ke rubuce, harafi da harafi, ka goge da tsumma ka karanta da kanka. Babur ɗin da ya shigo ta Aflao ko ta arewa ba takardar fito, arahar tasa ta ƙare ranar da ka je DVLA, ofishin rajistar abin hawa, neman shuɗiyar lamba. In za a yi walda, gargaɗi masta kada wuta ko fenti mai kauri su kusanci wurin lambar, in kuma ka sauya kala ko injin, je a gyara a takarda. Lasisin aji A, inshora, da hular kwano biyu, taka da ta wanda za ka goya. Ƙaramar hular nan mai kamar rabin ƙwarya da ke tafiya da salon ba ta kare haɓa, sayi mai rufe fuska, akwai masu siffar da. Na hannu kuwa, ce kada a tayar da shi kafin ka iso. Taɓa injin ka ji da sanyi, ka tayar da kanka, ka kalli hayaƙin farko. Kunna makulli ka tabbata fitilar injin da ta ABS sun kama sannan sun mutu yadda ya kamata, don akwai masu cire ƙwan gaba ɗaya. Sannan ka hau kan miƙaƙƙen titi mara rami, ka ɗan sassauta riƙon hannu, ka ga ko yana ja gefe ɗaya.